Mita ta Biyu a Gidan Kawu Tormod

Bristol, 6 ga Nuwamba

Kawu Tormod,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar, yaya kuma tarin? Gwaggo Peigi ta ce min ka ƙi zuwa allurar mura, wai ka ce rabonka da mura tun kana saƙa. Ni dai na san wanda na ji yana tari duk safiya da na zo a watan Agusta. Ka je a yi maka, don Allah. Mu nan lafiya lau, sai aikin kantin magani da ba ya ƙarewa.

Takarda na rubuto domin waya ba ta da amfani a wajenka yanzu. Sai ka yi ta ce min "eh, eh" alhali ba ka ji ko kalma ɗaya ba.

Ka tuna takardar kuɗin wutar da na gani manne a jikin firiji, har na ɗauki hotonta? Ta tsaya min a rai. Mutum ɗaya a gida, amma yana biyan abin da ya fi namu mu huɗu. Tun rasuwar matarka Inna Seonag ba wanda ya sake duba wannan al'amari. Na bincika a intanet, na sami wani kamfani mai sauƙin farashi, na cike komai da sunanka. Ka ba ni izini a kan teburin kicin, ko da yake na lura tumaki kake kallo ta taga a lokacin. Daga ɗaya ga Disamba ka koma wajensu. Ba wanda zai zo gidan, ba za a taɓa ko waya ɗaya ba. Suna ne kawai zai canja a saman takarda.

Alasdair ya sake tayar da maganar gidan tsofaffi na Stornoway. Na san ɗanka ne, kuma tsoro ne ke sa shi, yana can Aberdeen kana nan kai kaɗai. Amma na gaya masa babansa ya fi mu duka hankali, kuma muddin gidan na da ɗumi babu dalilin da zai sa ka bar shi.

'Yar ƙanwarka,
Kirsteen

Bragar, 9 ga Disamba

Kirsteen 'yata,

Takardarki ta same ni lafiya, na gode Allah. Gwiwa tana nan inda kika bar ta. An yi allurar, Peigi ta tsaya a kaina kamar kare a kan tunkiya har aka gama. Iska ta ɗage kwano ɗaya a rumfar saƙa, na ɗora masa dutse. Tumaki goma sha ɗaya ne, duk suna ci.

Na gode da ɗawainiyar da kika yi. Ba ni na roƙa ba, shi ya sa godiyar ta fi yawa.

Akwai abu ɗaya da nake so ki warware min. Takardu biyu sun zo. Tsohon kamfani ya ce yana baƙin cikin rabuwa da ni bayan shekaru masu yawa, ko da yake ban taɓa ganin fuskar kowa a cikinsu ba. Sabon kuma ya yi min maraba, ya rubuto lambar mitar da ya karɓa. Lamba ɗaya ce, ƙarshenta 418.

Makon jiya na durƙusa na shiga ƙarƙashin matattakala da tocila. Rabona da wurin tun Seonag na raye, domin ita ce mai shiga. Bangon ciki duk rubutunta ne da fensir, shekara talatin da ɗaya, layi biyu gefe da gefe. Mita biyu ce a gidan nan, Kirsteen. Akwai fara, ita ce ta fitila da firiji da kukar girki, ita ce mai 418. Akwai baƙa a bayanta, ita ce ta hitocin nan masu bulo a ciki, waɗanda ke shan wuta da dare lokacin da take da araha su riƙa sakin zafin da rana, ita ce kuma ta tankin ruwan zafi. Lambarta ta ƙare da 772, ba ta cikin ko ɗaya daga takardun nan biyu.

Amma tana aiki. Kullum na tashi bulo da zafinsa, lamba kuma ta ƙaru. Na rubuta wa tsohon kamfani, suka amsa da takarda bugaggiya cewa in kira su a waya.

To wutar da ke bi ta baƙar mita, ta wa ce yanzu? Ki amsa min wannan dalla-dalla.

Kawunki,
Tormod

Bristol, 18 ga Disamba

Kawu,

Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Ka yi haƙuri da gajeren kati, a tsaye nake rubutawa, layi har bakin ƙofa, rabin garin na mura. Yara na gaishe ka, safar da ke cikin ƙunshin su suka zaɓi launinta, ba ruwana.

Kada lambobi su hana ka barci. Ka bar tsohon kamfani gaba ɗaya, babu abin da ya haɗa ka da su yanzu. Abin da sabon kamfani ya rubuta maka shi ne naka, iyakar maganar ke nan. Ka fita daga ƙarƙashin matattakala kafin gwiwar ta ƙi tashi.

Kirsteen

Bragar, 2 ga Janairu

Kirsteen,

Barka da sabuwar shekara. Katinki bai iso ba sai ashirin da takwas ga wata, jirgin fito ya yi kwana biyar bai motsa ba saboda teku. Safa ta yi daidai, ina sanye da ita. Ki gaya wa yara ko tumaki sun tsaya kallonta.

Na karanta amsarki sau biyu, na gane. Na yi abin da ya kamata.

Peigi ta tafi Inverness wajen 'yarta, sai tsakiyar wata. Na sauko da shimfiɗata kicin, ya fi min sauƙi. Ki yafe rubutun, yatsu ba sa jin magana yau.

Kawunki

Bragar, 17 ga Janairu

Kirsteen,

Ni ce Peigi. Ina fata ku da yara kuna lafiya. Ban iya doguwar gaisuwa ba yau, kuma na fi so ki ga wannan a rubuce, domin in na kira ki kuka zan yi ba za ki fahimci komai ba.

Kawunki yana asibiti a Stornoway. Sanyi ya shiga huhunsa. Zazzaɓin ya fara sauka tun jiya, likita ta ce zai tashi.

Na dawo ranar Asabar. Ranar Lahadi na duba kujerar dattawa a coci, ba ya nan. Mutumin da ya zo coci ranar da aka yi masa ɗinki bakwai a hannu. Ana fitowa na wuce gidan kai tsaye. Na tarar da shi a kicin cikin kwat da hula, bargo biyu a kafaɗa, da 'yar hitar nan ta hannu mai sanda ɗaya a gabansa. Numfashinsa har hayaƙi yake a cikin ɗaki. Na taɓa babbar hitar falo, sanyi kamar dutsen kabari. Ta ɗakin kwana ma haka. Na leƙa ƙarƙashin matattakala, sai ga babban makunnin hitocin an sauke shi ƙasa, an manne shi da salatif, har zagaye uku.

Na ce, "Tormod, wa ya kashe wannan?"

Ya ce, "Ni."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To don me, kai tsohon rago mai taurin kai? So kake in binne ka kusa da yayata Seonag tun kafin ƙasar da sanyi ya daskarar ta saki?"

Ya ce, "Ba tawa ba ce, Peigi." Na ɓare salatif zan ɗaga, ya yunƙura zai hana ni, sai ya zube.

A asibiti likita ta yi masa tambayoyin nan da suke yi wa tsofaffi. Yau wace rana, ina kake, ƙirga daga ɗari kana cire bakwai. Ya amsa duka, har ya gyara mata yadda ake faɗin sunan ƙauyenmu. Amma da ta ce me ya sa ya kashe hita, sai ya juya yana kallon bango. Sau uku ta tambaya, a kwana uku.

Alasdair ya zo ranar Talata. A baranda ya ce min, "Gwaggo, mutum ya kashe hita a tsakiyar Janairu, ya manne ta, ya ce wutar gidansa ba tasa ba ce. Me kike so in kira wannan?" Yaron ya rame, bai yi barci ba, kada ki ɗauka mugunta ce. Akwai gado da ya samu a gidan tsofaffi. Za a zauna ranar talatin ga wata, shi da likita da matar ofishin kula da tsofaffi, a yanke ko zai koma gida ko ba zai koma ba. Yadda nake gani, ba zai koma ba.

Ke yake rubuta wa. In kin san wani abu, ki faɗa. Ina ba tumaki abinci.

Peigi

Bristol, 21 ga Janairu

Kawu,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Gwaggo Peigi ta ce ka fara shan romo, har ka ce ba gishiri. Ita za ta kawo maka wannan hannu da hannu.

Da takardarta ta iso na ɗauko taka ta tara ga Disamba na sake karantawa, a zaune wannan karon. Ka yi min tambaya ɗaya, ka ce in amsa dalla-dalla. Ni kuma na ɗauka tsoho ne ke fargabar takardu, na amsa maka a tsaye da biron kanti. Har "na yi abin da ya kamata" da ka rubuto, na karanta na ce madalla, ya kwantar da hankalinsa.

Jiya na yini a waya da kamfanonin biyu. Ga abin da ya faru. Takardar da ke jikin firiji fuska biyu gare ta, ni kuwa gaba kawai na ɗauka hoto. Lambar baƙar mita tana baya. Lamba ɗaya na ba sabon kamfani, ita suka karɓa. Da na ba su ta biyun ma da sun ƙi, sun ce ba sa ɗaukar irin wannan mita, kamfanoni kaɗan ne ke ɗauka. Takardar ban kwana da tsohon kamfani ya aiko maka ta farar mita ce kawai. Baƙar ba ta taɓa barinsu ba. Tana nan da sunanka kamar yadda take tun shekara talatin da suka wuce, takardar kuɗinta za ta zo a ƙarshen wata uku yadda ta saba.

Wutar taka ce, Kawu. Kullum taka ce. Ni na ce maka ba abin da ya haɗa ka da su, kuma ba gaskiya ba ne, ban bincika ba na faɗa.

Ban san yadda zan nemi gafararka ba. Amma me ya sa ba ka gaya wa likita ba? Me ya sa ka bar su suna zaton hankalinka ne ya taɓu?

Kirsteen

Asibiti, Stornoway, 24 ga Janairu

Kirsteen 'yata,

Da sauƙi sosai. An cire min robar hanci. Maƙwabcin gadona mutumin Ness ne, yana magana tun safe har dare, wannan ne karo na farko da na gode wa Allah da ya rage min ji.

Na ji bayaninki, hankalina ya kwanta. Kwana ashirin da bakwai da na sha wutar nan kafin katinki ya zo sun dame ni fiye da ciwon.

Kin san shekara arba'in na yi ina saƙa a rumfar bayan gida. Masaƙa takan aiko da zare a aune, in saƙa, mota ta zo ta ɗauka. Abin da ya rage, ko ƙulli ɗaya ne, a buhu nake mayarwa. Ba wanda ke dubawa. Wasu na yi wa 'ya'yansu riguna da shi, ban ce sun yi laifi ba, ni dai ban iya ba. To ga wuta tana shigowa gidana kowane dare, wanda na bari bai san tana zuwa ba, wanda na koma bai karɓe ta ba, ba mai rubuta ta a kan kowa. Haka na fahimta. Zan kwanta cikin ɗuminta, in tashi ranar Lahadi in zauna a kujerar dattawa? Na yi niyyar in jira Peigi ta dawo ta kira min su a waya. Kwana goma sha huɗu ne kawai, na ga zan iya. A nan na yi kuskure, kuma kuskuren nawa ne. Na manta shekaruna saba'in da tara, kuma an toshe bututun murhu tun ranar da aka kafa hitocin.

Kin tambayi dalilin shiruna. In na buɗe baki sunanki ne zai fito. Kin san Alasdair, kin san kalaman da suka shiga tsakaninku ranar jana'izar Seonag a kan wa ya zo wa bai zo ba, shekara uku kuna gaisawa kamar baƙi. In ya ji ke ce, ba zai sake ɗaukar wayarki ba. Ku biyu kaɗai kuka rage min. Mahaifiyarki ta bar min ke kina da shekara tara. Kuma cikin duk masu shiga kicin ɗin nan su sha shayi, ke kaɗai ce kika dubi takardar da ke jikin firiji.

Saboda haka kada ki gaya masa. An nuna min hoton ɗakin, ba laifi, tagarsa na kallon tashar jirgi. Mutane da suka fi ni sun zauna a can.

Kawunki,
Tormod

Bristol, 27 ga Janairu

Yaya Alasdair,

Ina gaisuwa, ya mai jiki, ya gajiyar zirga-zirga. Na aiko wannan ta hanya mafi sauri domin ta same ka kafin zaman ranar Alhamis. Na kira sau biyu ban same ka ba, wataƙila hakan ya fi, gara ka gani da idonka.

A ciki akwai takardu huɗu. Ta farko wasiƙar Kawu ce ta tara ga Disamba. Ta biyu katin da na amsa masa da shi, Gwaggo Peigi ta samo shi a kan teburin kicin ta ɗauko min hotonsa. Sauran biyun daga kamfanonin wuta ne, sun tabbatar da abin da ya faru. Ka karanta su a jere.

Ni na canja masa kamfani a watan Nuwamba, ban gaya maka ba. Na manta gidan mita biyu gare shi, ko in faɗi gaskiya, ban taɓa sani ba. Shi ya gano, a durƙushe da tocila, ya kwatanta lamba da lamba, ya tambaye ni. Na ba shi amsar da ba daidai ba, ya yarda da ni, ya kashe wutar da yake zaton ba shi da haƙƙi a kanta. Ka fi ni sanin mahaifinka, ka san zai aikata.

Ya yi shiru ne don ya rufa min asiri a wajenka. Ya hana ni rubuta wannan. Ya gwammace a ce ya ruɗe, a kai shi inda ba ya so.

Abin da za ka ce min na cancance shi, ka faɗa duk lokacin da ka shirya. Amma kada a raba shi da gidansa saboda laifina. In akwai wani dalilin daban, ku duba shi. Wannan dai ba dalili ba ne.

Ƙanwarka,
Kirsteen

Bragar, 22 ga Fabrairu

Kirsteen,

Daga teburin kicin nake rubuto miki, ba kwat, ba hula. Kwanana goma sha biyu a gida. Tari ya ragu, ƙafafu ne har yanzu kamar na aro. Ki gai da yara.

Kin saɓa min. Na faɗa, ba zan sake faɗa ba.

Peigi ta ce ta ba ki labarin zaman a waya, amma na san rabinsa nata ne, ga nawa. Alasdair ya shigo da takardunki a hannu. Bai dube ni ba. Ya karanta wa likita wasiƙata da ƙarfi tun daga tumaki har zuwa 772, ni ina kallon bakinsa. Likita ta karɓa ta sake dubawa da kanta, ta ce ita ma ba ta san mita nawa ce a gidanta ba. Matar ofis ta tambaye ni ko zan sake kashe hita. Na ce in wutar tawa ce, a'a. Ta ce in ba taka ba ce fa? Na ce sai in nemi Peigi da wuri. Ta rubuta.

Da suka fita Alasdair ya matso kusa da kunnena mai ji ya ce, "Baba, da ka mutu fa?" Na ce da an same ni ba haƙƙin kowa a kaina. Ya ce, "Da an same ka a daskare, da safa mai ruwan lemo." Ya yi dariya, daga baya ba dariya ba ce. Na bar shi ya gama.

Ba kyauta aka sake ni ba. Gado ya sauko falo. Wata mata na zuwa kowace safiya ta ga ko ina numfashi. Peigi na da mabuɗi, ta kuma ɗauka sarauta aka ba ta. Za a sake zama a watan Mayu. Tumaki an sayar, ɗan Macaulay na ƙarshen ƙauye ya kwashe su ranar Laraba. Na tsaya a taga har motar ta sha kwana. Ba na so ki ce komai a kan wannan, da ma lokacinsu ya yi.

Takarda ta zo cewa farar mita ta koma wajen tsohon kamfani, sun sake yi min maraba. Na duba, lambobi biyu ne a ciki. Alasdair ya ce ke kika yi wannan ma, kuma ya ce kun yi magana ranar Lahadi har kusan awa guda. Bai gaya min abin da kuka ce ba, ban tambaya ba. Ya ce zai zo a watan Afrilu, in kin zo lokacin akwai wuri a motarsa daga Ullapool, inda ake shiga jirgin fito.

Bulo sai da ya kwana biyu yana shan wuta kafin ya yi zafi sosai. Rana ta uku na ɗora hannu a kai na daɗe.

Jiya da matar safe ta tafi na sake shiga ƙarƙashin matattakala. Fensirin Seonag yana kan katako inda ta ajiye shi. Layinta na ƙarshe na watan Oktoba ne, shekara uku da suka wuce. Na rubuta kwanan wata a ƙarƙashinsa, na sa lambar fara a hagu, ta baƙa a dama. Fitowa ta ɗauke ni minti ashirin, kada Peigi ta ji.

Gwiwa ba za ta sake yarda ba. Na gaba ke za ki rubuta. Ki zo da tocila mai kyau, baƙar tana can baya, sai an sunkuya ake ganinta.

Kawunki,
Tormod